Kunkumar Nedko

Turiya, ƙarshen watan Yuli

Boyan ɗana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kuma cikinka ya daina yi maka tawaye a kan barkonon mutanen nan. Mu lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da take sanar da ni hadari tun kafin rediyo ya faɗa. Akuyar nan mai taurin kai ta haifi biyu. Fada Serafim yana gaishe ka, ya ce ka riƙa tafasa ruwa kafin ka sha.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Muna gama tsinkar wardi ka ɗauki kunkumar babanka, gorar jan ƙarfen nan da yake zuba man wardi, ka tafi Kannauj, can ƙasar Indiyawa, wurin masu turaren gidan Tandon. Ka ce da sun shinshina za su sa hannu su riƙa sayen man gonarmu duk shekara. Ga shi Yuli tana ƙarewa, abin da na gani daga gare ka kati ɗaya ne mai hoton giwa, wai komai yana tafiya daidai. Ina yake tafiya, kuma yaushe zai isa?

Ka tuna man da ke cikin kunkumar nan shi ne na ƙarshe da hannun babanka Nedko ya tace kafin ya kwanta ciwon ajali. Ba samfurin da ake rabawa a kasuwa ba ne. Na bana kuwa yana nan jibge a ɗakin ƙasa, babu mai saye.

Ni dai yaron nan Prabhat, ɗan masu turaren, bai kwanta mini ba tun zuwansa lokacin fure. Ya ci banitsa, wainarmu mai cuku da na toya, har ya nemi ƙari, ya sunkuya zai taɓa ƙafata sai da na ja da baya, ya bi gonar layi-layi yana ɗaukar hoto. Duk abin da na tambaye shi, babu matsala. Farashi, babu matsala. Lokaci, babu matsala. Mutumin da bai taɓa ce maka a'a ba, me za ka yi da eh ɗinsa?

Stamen ya zo shekaranjiya. Tun da gonar haɗin gwiwa ta watse ya rasa kujerar shugabanci, sai ya koma bin gonakin tsofaffi yana saye. Ya tsaya a bakin shinge, hula a hannu kamar mutumin kirki.

"Donka, wardi ya tashi daga aiki. Ki sayar mini in tumɓuke in zuba masara, ki huta."

Na ce, "Hutun da ka ba mu a zamanin mulkinka ma bai gama sakinmu ba."

Ya yi dariya ya ce zai jira ni har ranar Waliyyi Dimitar a ƙarshen Oktoba, tunda ranar ake ƙulla ciniki a kuma kwance shi. Ban ce eh ba, amma ban kore shi ba, domin bankin da muke ajiya ya rufe ƙofa, kuma ni kaɗai ba zan iya biyan masu tsinka baɗi ba. Idan ranar ta zo babu magana tsayayya daga Indiyawanka, gonar da kakanka ya dasa za ta shiga ƙarƙashin garma. Na faɗa maka ne don kada ka ce an ɓoye maka.

Kada ka buga waya. Surukar Stamen ce take haɗa layi a gidan waya, kunnenta kuwa ya fi na zomo. Rubuto.

Goggonka,
Donka


Kannauj, tsakiyar watan Agusta

Goggo,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na samu wasiƙarki, na kuma ji daɗin labarin akuya. Ina lafiya. Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, rigunana ba sa bushewa, amma cikina ya saba. Ki shafa wa gwiwar man nan da likita ya ba ki, kada ki ce sai ya ƙare wa'adi.

Ba ɓoye miki nake yi ba, abin faɗar ne babu. Kullum da safe nakan je shagonsu, a ba ni shayi mai madara da citta, a tambaye ni lafiyarki. Sun san sunan akuyarki. Sun tambaye ni abin da nake samu a wata, da dalilin da ya sa ban yi aure ba, da ko ina cin nama. Da na ciro takardar yarjejeniya sai Prabhat ya kaɗa kai irin yadda muke yi in mun yarda, ya ce, "Za mu gwada, ɗan'uwa. Sha shayinka tukuna." Na gane cewa a nan "za mu gwada" tana iya zama gobe, tana iya zama har abada, kuma tambayar wacce ake nufi rashin kunya ce.

Na kuma gane Prabhat ba shi da ta cewa. Shi da ya yi karatu a waje, mai mota da waya, ko zama ba ya yi sai mahaifinsa ya nuna masa wuri. Komai yana hannun tsohon, Kedarnath Tandon, wanda kowa yake ce wa Babuji. Yana zaune a kan farar katifa a ƙuryar shago, kwalabe kewaye da shi. Ranar da na miƙa masa kunkumar, da hannu biyu kamar yadda aka koya mini, ya juya ta, ya shafa lanƙwasar nan ta gefenta, ya ce, "Wannan ta daɗe a hannun mutum ɗaya." Na ce ta mahaifina ce, ya rasu a hunturun da ya wuce, man ciki kuma aikinsa ne na ƙarshe. Sai ya sa aka kai ta cikin gida. Har yau ban ga ya buɗe ta ba.

Ni ma zuciyata ba a kwance take ba, Goggo. Sau biyu ina tarar da wani Baturke mai sayar da man wardi a shagon, ana ba shi shayi irin nawa, a kofi irin nawa. Ina zargin ko riƙe ni suke yi don su karya masa farashi.

Amma kuma ana kirana cin abinci a cikin gida, abin da Baturken bai samu ba. Matar Babuji tana ce mini beta, wato ɗana, tana cika mini faranti ko na ce na ƙoshi. Ƙanwar Prabhat, Suniti, ta ɗaura mini wani jan zare a hannu ranar wani bikinsu, aka yi ta dariya ana ce mini yanzu na zama ɗan gida.

Abu biyu nake roƙo. Na farko, Babuji ya tambaye ni wane ne babba a gidanmu, na ce ke ce. Ya ce, "Kuma ba ta aiko mini da gaisuwa ba?" Ki rubuto masa layi kaɗan, gaisuwa zalla, kada ki sa maganar ciniki. In za ki haɗa da tsaraba, ban da nama, ban da barasa, ban da duk abin da aka yi da fata. Na biyu, yana son cikakken sunan Baba da ranar da ya rasu, da sunan kakana, da sunan mahaifin kakana. Biyun farko na ba shi, tunda sunan kakan na ci. Na ukun ne ban sani ba. Na tambaye shi na mene ne, ya ce in lokaci ya yi zan gani. Ki aiko mini da shi da wuri, ya ce kafin watan gobe ya raba.

Ki riƙe Stamen da hira, kada ki ba shi hannu.

Ɗanki,
Boyan


Turiya, farkon watan Satumba

Boyan,

Ina gaishe ka. Muna lafiya, ana ta gashin tattasai a kowane gida, hayaƙi ya cika unguwa. Gwiwa tana nan yadda ka san ta.

Na karanta wasiƙarka a tsaye, na zauna na sake karantawa, sannan na gane an yi nisa da kai. Kai da ka yi jami'a, a ce maka kawo sunan ubanka da na kakanka da na uban kakanka da ranar mutuwa, ka zauna kana shan shayi? Ina ka taɓa jin mai sayen turare yana neman wannan? Ni na san inda ake neman su. Shekara nawa na yi ina jeka-ka-dawo a ofishin ƙasa kafin a mayar mana da gonar nan? Abin da suka tambaye ni ke nan, ɗaya bayan ɗaya: wane ɗan wane ɗan wane, yaushe ya mutu, wa ya gada. Da sunayen nan uku ake fitar da takardar gona, da su kuma ake sace ta. Ka tambayi gwauruwar Ilcho yadda ta wayi gari gonarta tana da wani mai ita.

Yanzu haɗa lissafin. Ɗan ya zo ya ɗauki hoton gonar kusurwa-kusurwa. Uban ya ɓoye kunkumar a cikin gida. 'Yar ta ɗaura maka zare a hannu, ana shewa ka zama ɗan gida. Ruwa ba ya tsami banza. Mu ma nan in yarinya ta ɗaura wa saurayi abu a gaban iyayenta mun san inda aka dosa. Za su aura maka ita, gona ta bi ka, man ya zama na gado, ni kuma a bar ni da akuya. Wannan ta fi ta Stamen, shi ko ba komai a fili yake zuwa.

Wai in aika masa da gaisuwa. Shi ya aiko mini? Kayana ne a hannunsa, ba nasa a hannuna ba.

Sunan kuwa ba zan bayar ba. Kuma tunda na ga bakinka ya yi nauyi da abincinsu, na yi maganar da kaina. Na je wurin Malama Veneta mai koyar da Turanci, na faɗa ta rubuta, muka shiga Kazanlak muka tura ta faks zuwa lambar da ke katin Prabhat, da sunan tsohon a sama. Ba zagi a ciki. Na ce mu mutanen takarda ne, ko dai ya sa hannu kafin ƙarshen wata, ko ya dawo mini da kunkumar ɗan'uwana da ɗan ɗan'uwana. Na ce sunayen matattunmu ba kayan ciniki ba ne, kuma gonarmu tana da masu ita, ofishin ƙasa ya san da haka. Veneta ta so ta sassauta, na ce ta rubuta yadda na faɗa.

Za ka ji haushi, na sani. Ka ji. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau tsauni ba zai hango shi ba. Ka cire zaren nan daga hannunka.

Goggonka,
Donka


Kannauj, ƙarshen watan Satumba

Goggo,

Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya. Ni jikina lafiya. Sauran kuwa ki karanta ki gani.

Faks ɗinki ya riga wasiƙarki isowa, don haka ban san da shi ba sai da aka karanta shi a gabana. Na'urar tana tsakiyar shago. Akawunsu ya yage takardar, ya ga sunan Babuji, ya miƙe ya karanta da ƙarfi kamar yadda yake yi wa kowane saƙo, yana juyawa da harshensu. 'Ya'yansa suna wurin, ma'aikata suna wurin, da baƙi biyu daga wani gari. Da ya kai wurin ofishin ƙasa sai muryarsa ta yi ƙasa, amma aikin gama ya gama. Babuji ya miƙa hannu. Ya karɓi takardar ya ninke ya sa ƙarƙashin katifa, ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Babu matsala, a kawo wa baƙonmu shayi." Baƙonmu, Goggo. Ran nan ne kawai na ji tsoron kalmar nan tasu.

Prabhat ya ja ni bayan shago wurin tukwanen turare. Ban taɓa ganin ransa a ɓace ba sai ranar.

"Me muka yi wa goggonka? Mahaifina ne ɓarawon gona?"

Na ce, "To ku ma me ya sa ba ku faɗi abin da za ku yi da sunayen ba? Wata nawa ina nan, kullum gobe."

"Ana tallar irin wannan ne? Ka duba kasuwa mana. Ka ga wanda ya sayi ko sabon takalmi a kwanakin nan?"

Sai ya warware mini. Kwanakin da muke ciki na magabata ne, rabin wata cur. Ba a ƙulla sabon ciniki, ba a ɗaura aure, ba a tare sabon gida. Kowane magidanci yana zuwa bakin kogi ya zuba ruwa da baƙin riɗi da sunan ubansa da kakansa da uban kakansa, a ciyar da mutane, a ajiye wa hankaki da shanu rabonsu. Ya ce tun daren da na kawo kunkumar Babuji ya buɗe ta, ya shinshina, ya ce wa iyalinsa wannan man ba na Baturke ba ne, mai shi ya san abin da yake yi. Amma ya ce ba zai yi cinikin aikin mamaci na ƙarshe ba sai an gaishe da mamacin, kuma ɗansa yana nesa da kabarinsa, babu mai yi masa. Niyyarsa a ranar ƙarshe ya tafi da ni bakin kogin Ganga, ya tsayar da ni kusa da 'ya'yansa, a kira sunan Baba tare da nasu. Washegari, ranar da kasuwa take buɗewa da sabon ciniki, ya sa hannu.

Zaren kuma, tunda kin tambaya: wanda mace take ɗaura wa ɗan'uwanta ne. Duk wadda ta ɗaura maka shi ta haramta gare ka, kariyarta kuma ta hau kanka. Suniti tana da miji da 'ya'ya biyu.

Ranar ƙarshen ta zo ta wuce. Sun tafi kogi da sassafe, ba wanda ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ni na bi su daga nesa na tsaya a kan matakala ina kallo. Na yi kuka, Goggo, ban kuma san ko na Baba ne ko na kunya ba. Washegari aka buɗe kasuwa da ganguna, aka raba alewa, aka ba ni tawa da ladabi. Ba a ƙara kirana cikin gida ba. Ba wanda ya ce mini a'a, kuma na san ba za a ce ba.

Yanzu ni ma bari in yi nawa lissafin, tunda gidanmu gidan lissafi ne. Kin ce ba ki kori Stamen ba. Kin hana ni waya. Kin tura takardar da kika san za ta kashe maganar, ba ki jira amsata ba. Ki gaya mini gaskiya, kun riga kun gama da shi ne, kina neman wanda za ki ɗora wa laifi? In haka ne ki faɗa, in daina zubar da mutuncina a shagon mutane.

Zaren yana hannuna, ban cire ba.

Boyan


Turiya, farkon watan Oktoba

Boyan,

Lafiya muke. An fara sanyi da safe.

Ni ka tambaya ko na sayar da gonar ubana a ɓoye? Ni da na tsinki wardi a cikinta tun hannuna bai kai reshen sama ba, na kuma tsinka wa gwamnati shekara da shekaru ina kallon ta a hannun wasu? Na yi maka uzuri saboda nisa da zafin ƙasar, amma maganar ta soke ni, kuma ba zan ce ba ta soke ni ba.

Abin da ka faɗa na kogi, na ji. In gaskiya ne, na yi ɓarna. In kuma labari ne suka shirya bayan sun ga an gano su, to sun iya shiri. Daga nan ba ni da yadda zan bambance. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, mu kuwa a ƙauyen nan an sare mu da murmushi ba sau ɗaya ba.

Stamen ya riga ya kawo garmarsa ya ajiye a bakin hanya, inda zan riƙa ganinta daga taga. Ban ba shi hannu ba. Ranar Waliyyi Dimitar ce dai ba ta matsawa. Ka karɓo kunkumar ka dawo gida.

Goggonka,
Donka


Kannauj, tsakiyar watan Oktoba

Goggo,

Gaisuwa da ban haƙuri. Maganar da na yi miki a kan Stamen ban kyauta ba, ki yafe mini. Ina lafiya.

Wannan takardar ba ta gidan waya za ta zo ba. Wani injiniya ɗan Karlovo da ya gama aiki a Delhi zai kawo miki ita da ƙunshi, ya ce zai biyo ta Turiya kafin ranar Waliyyi Dimitar.

Na je na yi wa Babuji sallama. Na ba shi haƙuri a madadinki, ya ɗaga hannu ya ce babba ba ya aiko yaro da ban haƙuri, kuma shi bai ji an yi masa laifi ba. Ya sa aka fito da kunkumar, an naɗe ta da jan ƙyalle, an toshe bakin da kakin zuma. Ya ce, "Ta ce a mayar mata da kayanta. Ga shi. Ita za ta buɗe, ba kai ba." Na tambayi Prabhat ko maganar ta mutu ke nan, ya kaɗa kai ya ce za a gani.

Ni dai na ɗauka ta mutu. An dawo mana da kayanmu cikin ladabi, irin korar da ba a cewa tashi. Jirgin da na samu sai farkon watan gobe, don haka ranar za ta same ki ke kaɗai. Duk abin da kika yanke da Stamen, ba zan ga laifinki ba.

Ɗanki,
Boyan


Turiya, washegarin ranar Waliyyi Dimitar

Boyan ɗana,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiya, gwiwar ma ta yi mini adalci jiya. Na ba injiniyan nan wannan takardar ya tura ta faks daga Karlovo, don ta same ka kafin ka hau jirgi. Allah ya sa kana kusa da na'urar, kada akawun nan mai babbar murya ya riga ka.

Ƙunshin ya iso ana jibi ranar. Na ajiye shi a kan tebur na yini ina zagaya shi. Da na ɗaga na ji nauyi, na ce to, ko ɗigo ba su taɓa ba, sun dawo mana da man Nedko yadda yake, an rabu ke nan. Na kira Veneta ta zama shaida, don kada a ce wani abu ya ɓata a hannuna. Na fasa kakin.

Ba man Nedko ba ne. Ba wardi ba ne ma sam. Veneta ta shinshina ta ce, "Donka, wannan ai ƙasa ce." Ƙanshin ƙasa ne, Boyan, irin wanda yake tashi in ruwan farko ya sauka a kan busasshiyar gona. Ban san ana kama wannan a zuba a gora ba. Kicin ɗina ya koma kamar safiyar da ni da babanka muke yara, muna bin bayan kakanka da kwanduna. Na zauna a kujera, Veneta ta ga abin da ke fuskata ta fita ta ba ni wuri.

Kai ka ce kora ce. Kai yaro ne, ba ka taɓa aika wa maƙwabciya da abinci ba. A tsakaninmu mata, wadda take son ta yanke hulɗa da ke, ita ce take wanke kwanonki ta dawo da shi wayam, ko ta dawo da abincin yadda kika kai. Wadda ta juye naki ta zuba nata, cewa take yi kwanon ya sake dawowa. Uwata ta koya mini wannan, ashe Babuji ma tasa ta koya masa. Ya riƙe man Nedko, ya cika mini da nasa, bai rubuto ko kalma ɗaya da zan kai wa Veneta ta fassara ba. Tsohon nan ya iya faɗa, ya rama abin da na yi masa ba tare da ya buɗe baki ba, kuma na ji kunya.

Jiya Stamen ya zo da sabuwar riga da ɗan'uwansa mai rubuta takardu.

"To, Donka, ina takardar Indiyawan naki?"

Na ce babu.

"Sun sa hannu?"

"Ba su sa ba."

"To me suka ba ki?"

Na miƙa masa kunkumar ya shinshina. Ya ce, "Ƙasa ce fa."

Na ce, "Ita ce. Su da suke wata duniya sun san darajarta har suna zuba ta a gora. Ɗauke garmarka daga bakin tagata."

Ya ce na haukace, baɗi war haka zan zo ina roƙonsa da rabin kuɗin. Wataƙila ya yi gaskiya. Ba ni da takarda, ba ni da alkawari, kuma kada ka ɗauka na daina zargi. Duk ranar da za a sa hannu, ka karanta kowane layi, ka kuma bincika mini ko Baturken nan yana zuwa shan shayi har yanzu.

Kada ka hau jirgin. Ka koma shagon, ka ce wa Babuji babbar gidan Nedko tana gaishe shi, tana gaishe da uwargidansa, kuma ta ce ita ce ta yi kuskure, ba yaron ba. Wannan ba aike ba ne, takarda da hannuna tana tafe, Veneta kuma ta ce wannan karon ba ta ga abin da za ta sassauta ba. Zan cika kunkumar da man bana in aiko da ita.

Sunan uban kakanka Marin. Marin ɗan Petko, shi ya fara kawo dashen wardi ƙauyen nan a bayan jaki. Na san kwanakinsu sun wuce, amma ka ba shi ya ajiye, baɗi ma shekara ce.

Saura abu ɗaya. Asabar ɗin matattu ta kusa, zan dafa alkama da zuma da gyaɗar turawa in kai maƙabarta in raba, in zuba ruwa a kan kabarin babanka kamar kullum. Ka tambayo mini sunan mahaifin Babuji, da na kakansa, da na uban kakansa, ka rubuto su da manyan baƙaƙe yadda bakina zai iya furtawa. In ya tambaye ka me zan yi da su, ka ce masa in lokaci ya yi zai gani.

Goggonka,
Donka